Kai Kaɗai Har Mutum Uku

Mijin ƙanwata bai taɓa zama a ajin koyon shari'a ba, ko na minti biyar, amma duk layinmu Barista ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Abin da ya haɗa shi da shari'a bai wuce mako uku da ya yi a ofishin wani lauya ba, shekarun baya. Wane aiki ya yi a can? Bai taɓa faɗa ba. Abin da dai ya fito da shi baƙar kwat ce wadda guga ta cinye mata kafaɗa, da jaka mai kwaɗo wadda makullinta ya ɓace, sai kuma baki. Bakin nan kuwa Allah ya hore masa.

Ni ce yayar matarsa. Shagona na buga takardu da kwafi yana ƙasan benen da suke haya, don haka duk wata wauta da ya ɗauko sai ta bi ta ƙofata kafin ta fita titi.

Ƙanwata Auta ɗinkin labule da zanin gado take yi, a intanet take sayarwa. Shekara huɗu tana gina shafin nan. Ta fara da hoton labule ɗaya da ta rataya a ƙofar banɗaki don nan ne kaɗai haske yake shiga, yau mabiyanta sun haura dubu goma sha takwas. Shafin shi ne shagonta, shi ne kasuwarta, shi ke ciyar da gidan har da gugar kwat ɗin Barista. Shi kuwa in ya zauna gaban shagon mai gyaran waya sai ka ji yana cewa "kamfanina", "kayana", "masu yi min ɗinki". Mai yi masa ɗinkin tana sama, bayanta ya ƙage a kan keke. Abin yana ci mata rai, ta sha gaya min, amma Auta irin mutanen nan ne masu haɗiye magana.

Wata safiya ya faɗo min shago da jakarsa a hammata.

"Yaya, kunna injin nan. Yau za ki buga takardar da ba ki taɓa buga min irinta ba."

"Ta neman aiki ce?" na ce. "Don ita ce ban taɓa buga maka ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ja kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fara bayani. Wanda ya sayi zanin gado, in ji shi, ko yana da gado ko yana neman gado. Wanda ya sayi gado kuwa dole ya nemi zani. To akwai Baba Kafinta a bayan layi, shi ma 'yarsa ta buɗe masa shafi yana sayar da gadaje. Za a ƙulla yarjejeniya: duk mai neman gado a shafin Auta a tura shi wurin Baba, shi kaɗai, a kuma sa sunansa da lambar wayarsa a saman shafin. Shi ma duk mai neman zani ya turo shi nan, nan kaɗai. La'ada ta biyo baya.

In faɗi gaskiya, shawarar ba ta da laifi. Laifinta ɗaya, a kansa ta sauka.

Ya dinga zuba ina bugawa. "Ganin cewa", "bisa la'akari da", "ba tare da tauye abin da ya gabata ba", alhali babu abin da ya gabata. Da muka zo wurin suna na ɓangare na farko, na fara buga sunan Auta.

"Goge, Yaya."

"Don me? Shafin nata ne."

"Takardar shari'a ce wannan, ba rasidin ɗinki ba. Sunan shugaba ake sawa. Rubuta sunana, ki sa Mamallaki kuma Shugaba a ƙasa, da manyan baƙaƙe."

"Ko a wurin shaida ba za ka sa ta ba?"

"Me ta sani a shari'a da za ta shaida?"

Raina ya ɓaci sosai. Na buga sunan nasa da ƙarfi har madannin ya maƙale. Sai ya miƙe tsaye, ya soke babban yatsa a aljihun kwat, ya ce yanzu aka zo wurin da ake gane lauya. Sakin layi na bakwai: duk ɓangaren da ya tura ciniki wurin wani daban, ko ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da wani, zai miƙa shafinsa na intanet da lambar sirrinsa ga ɗaya ɓangaren, nan take, ba roƙo ba magiya.

"Wannan fa wuƙa ce," na ce.

"Wuƙa ce mana. Kafintoci ba su da amana, Yaya. Ranar da tsohon nan ya yi gigin waiwayar wani mai zani, shafinsa ya zama nawa."

Wurin sunan kafinta ya ce in bar ɗige-ɗige, da biro za a cika. Ya ce in yi masa kwafi shida, na ajiya. Da na tambayi hatimi sai ya fito da murfin kwalba, ya dangwala a tawadar shagona ya buga a ƙasan kowace takarda. Ko sisi bai ba ni ba, wai ai harkar ta gida ce.

Baba Kafinta ya sa hannu a ranar. Gajeren tsoho ne mai kaurin wuya, ba ya son dogon zance, kuma gadonsa sai dai jika ya gada. Makon farko abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mutum huɗu suka zo daga wurin Baba suka sayi zani. Auta ta ji daɗi har ta ba mijinta lambar sirrin shafin, don ya riƙa amsa wa masu neman gado ita ta ji da ɗinki. Daga ranar Barista ya daina gaida mai aski, sai dai ya ɗaga masa yatsa biyu.

Mako na uku wani dogon mutum ya shigo shagona, kansa na taɓa fanka, garin katako har a girarsa. Dogo ake ce masa, kafinta ne a bakin babban titi. Ya miƙo min takarda a sa mata leda kada ta lalace, ya ce takarda ce mai muhimmanci. Na duba. Bugun injina ne, ga murfin kwalba a ƙasa, ga sunan Dogo a kan ɗige-ɗige, ga "shi kaɗai" ɓaro-ɓaro a layi na uku. Na manna masa ledar ya tafi.

Na hau sama ban ko rufe shago ba. Barista yana kwance a doguwar kujera yana kallon bidiyon kansa, Auta tana kan keke.

"Kwafi shidan nan, guda nawa ka cika?"

"Yaya, ai sai a yi sallama tukuna."

"Guda nawa?"

"Uku." Ya gyara kwanciya. "Baba, da Dogo, da Ɗan Gayu mai gadajen zamani. Kowanne da kwafinsa ni da nawa."

Keken Auta ya tsaya.

"Kowa ka ce masa shi kaɗai?" ta tambaya.

"To da me zan ce masa? In ka ce wa mutum ku uku ne, ai ba zai sake jiki ba. Ku mata ba ku san kasuwanci ba. Kaɗai ɗaya la'ada ɗaya, kaɗai uku la'ada uku."

Na karanta wa Auta sakin layi na bakwai daga kaina, don ni na buga shi. Na ga fuskarta ta canja. Ta dubi wayarta da ke kan keke, ta ɗauke ta ta riƙe a ƙirji.

"Maigida, shafina ka sa a ciki?"

"Shafinmu."

"In suka gane fa?"

"Wa zai gane? Ni fa na tsara abin."

Sai ya tashi zaune ya zayyana mana tsarin, yana murmushi. Ya yi bincike, in ji shi. Baba da safe kawai yake duba waya, in ya buɗe shago, daga nan ya jefa ta a aljihun tebur saboda ƙura. Dogo sai da rana lokacin cin abinci. Ɗan Gayu ba ya tashi barci da wuri, sai ƙarfe huɗu yake zama ya bi shafuka. Saboda haka ƙarfe bakwai sunan Baba ne a saman shafi, sha biyu a cire a sa Dogo, huɗu saura a sa Ɗan Gayu. Ya saita ƙararrawa uku a wayarsa. Kowa in ya leƙa kansa zai gani.

"Tsarin nan ko a jami'a sai a koyar da shi," ya ce.

Auta ta fashe da kuka. Ta ce tsoro take ji, shekara huɗu na wahalarta ne. Na ce ta karɓe lambar sirrinta yanzu-yanzu. Barista ya ce bismillah, amma duk ranar da aka fasa canja suna asiri ya tonu, kuma takarda ta riga ta sha hannu. Haka ya ɗaure mu da igiyar da ya ɗaure kansa. Auta ta share hawaye ta koma kan keke, ni na sauko ina jin kamar in shaƙe shi.

Daga nan layinmu ya samu abin kallo kyauta.

Ranar farko da ƙararrawar sha biyu ta kama shi a waje, yana kan kujerar mai aski, an aske masa rabin kai. Ya zaro waya, ta yi ƙyaf ta mutu, babu caji. Ya zabura da ƙyallen aski a wuya ya tsallaka titi a guje, rabin kai fes rabi daji, mai aski na biye da shi yana kiran ƙyallensa. Mai gyaran waya ya leƙo ya tambaye shi ko sabon askin lauyoyi ne.

"Kotu ce ta kira ni," in ji Barista, bai tsaya ba.

"A saman bene kotun take?"

Bayan kwana biyu sabis ya ɗauke ana saura minti biyar huɗu. Ya zaga ɗaki da waya a sama, ya fita baranda, ya hau rufin bene, bai samu ba. Sai ya taka tankin ruwan gidan. Murfin roba ne, rana ta gama gasa shi. Muna ƙasa muka ji ƙara, muka ɗaga kai, sai hannu ɗaya muka gani ya fito daga bakin tanki riƙe da waya. Da aka zaro shi, kwat na ɗigar ruwa, abin da ya fara faɗa shi ne sunan ya canju. Mutanen bene kuwa sai da aka zubar da ruwan nan kaf aka wanke tanki, suka wuni ba ruwa. Matar mai gidan haya ta tsaya a matakala ta wanke shi tas da baki, ya ce zai yi ƙararta kan ɓata suna. Ta ce ya fara samo sunan tukuna.

Ana haka wata mata da ta ga lamba da rana ta ɓata hanya, ta faɗa shagon Baba tana tambayar Dogo, wai daga shafin labule aka turo ta. Baba ya ajiye zarto ya tako har ƙofar shagona, inda Barista yake shanya takardun jakarsa.

"Wane ne Dogo?"

Na zaci Barista ya kamu. Amma bakin nan ba ya rasa abin faɗa.

"Kai ne mana, Baba."

Baba ya dubi kansa daga ƙirji zuwa ƙafa. Tafiyar ba ta da nisa.

"Ni?"

"Sunan talla ne. A intanet ba tsawon jiki ake nufi ba, tsawon daɗewa a sana'a ne. Duk manyan kamfanoni haka suke yi."

Baba ya ɗaure fuska. Ya ce shekara arba'in yana sana'a ba wanda ya canja masa suna, kada a sake. Ya juya ya tafi. Barista ya dube ni yana haki, ya ce in lura da yadda ake kashe wuta.

Abin da ya kashe shi kuwa babban ciniki ne. Wata hajiya mai gidan saukar baƙi ta yi magana a shafi, tana son zani da labule na ɗaki goma sha biyu, tana kuma neman gado goma sha biyu. Ta ce za ta zo ranar Laraba ta ga zanin a shimfiɗe a kan gado kafin ta yanke shawara. Barista ya yi niyyar ya raba, kowane kafinta huɗu. Amma da ya je wurin Baba bakinsa ya ƙi furta huɗu, ya ce goma sha biyu na kawo maka. Ya je wurin Dogo ya ce goma sha biyu. Ɗan Gayu kuwa har ya ƙara masa da cewa hajiyar tana shirin buɗe reshe. Ya ce kowa ya kawo gado ɗaya na gwaji ƙofar bene: Baba ƙarfe tara, Dogo sha biyu, Ɗan Gayu huɗu. Hajiyar kuma zai san yadda zai riƙe ta wuni guda.

"Da me za ka riƙe ta?" na tambaye shi.

"Da hira, Yaya."

Ranar Laraba ya sha kwat tun da sassafe. Ya jingina wayarsa a tagar shagona ya kunna bidiyo kai tsaye a shafin Auta, don duniya ta ga yadda ake ƙulla babbar harka. Tara ta yi, babu Baba, ashe mai kurar da zai ɗauko gadon ne ya makara. Hajiya ta aiko cewa sai sha ɗaya za ta iso. Dogo kuwa ya samu motar da za ta bi ta layinmu da wuri, ya ce gara ya riga lokaci. Ɗan Gayu, wanda aka ce ba ya tashi da wuri, kwaɗayin gado goma sha biyu ya tashe shi, ya leƙa shafi ya ga bidiyo, ya ce ba za a yi ba shi ba.

Sha ɗaya da kwata, kura ta shigo ta gabas, motar Dogo ta yamma, ta Ɗan Gayu ta biyo bayanta tana kiɗa. Motar hajiya ta tsaya a tsakiya. Kafin a ce me, gado uku sun jeru a bakin titi, an tare hanya, masu babur na ta hon. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, mai gyaran waya ya jawo benci, matan bene suka cika baranda.

Auta ta sauko da zani a hannu. Ta ga gado uku ta tsaya cak a matakalar ƙarshe.

Ɗan Gayu ya cire baƙin gilashinsa ya dubi Dogo. "Malam, kai kuma fa?"

"Gadon gwaji na kawo. Ni ne kafintan shafin nan."

"Kai ne wa?" in ji Baba.

"Dogo."

Baba ya juya a hankali ya nemi Barista da ido. "Ashe ga mai tsawon daɗewa a sana'a."

Barista ya ɗaga hannu biyu. Ya ce jama'a a kwantar da hankali, wannan shi ake kira baje koli, dabara ce ta zamani, an gayyaci kowa ne don hajiya ta ga bambanci. Don a ji shi da kyau sai ya taka gadon Ɗan Gayu ya hau. Gadon nan ba a ɗaure kusoshinsa ba tukuna, jingina shi kawai aka yi. Ya kai ga "ganin cewa" katakon tsakiya ya zame, kan gado da ƙafarsa suka rufo ciki, Barista ya nutse sai takalma a sama. Baranda ta ɗauki dariya har da masu riƙe ciki.

Ba wanda ya ɗaga shi. Dogo ya zaro takardarsa mai leda. Baba ya zaro tasa daga hula, a ninke takwas. Ɗan Gayu ya nuna hoton tasa a waya. Mai gyaran waya ya karɓa ya karanta wa jama'a layi na uku sau uku, kowane "shi kaɗai" sai an yi shewa. Daga nan ya karanta sakin layi na bakwai.

"To shafin ya zama nawa," in ji Ɗan Gayu. "Dubu goma sha takwas. A ba ni lambar sirri."

"Ni na fara sa hannu," in ji Baba.

"Tawa ce mai leda," in ji Dogo.

Auta ta zauna a kan matakala, zanin ya zube a cinyarta. Ba ta yi kuka ba wannan karon, ta dai ƙanƙame wayarta da hannu biyu. Na je na tsaya kusa da ita. Ban taɓa jin tsanar mutum kamar yadda na ji ta mijinta a lokacin ba, yana rarrafowa daga cikin katako yana kakkaɓe kwat yana cewa shi zai ɗaukaka ƙara.

Ɗan Gayu ya ce ba ya jayayya a titi, yana da lauya na gaske, ofishinsa ma layi biyu ne daga nan. Ya buga waya. Minti goma sai ga wani dattijo mai furfura da farin gilashi ya tako a ƙafa, yana tafe a natse. Tun daga nesa na ga Barista ya fara neman hanya ta bayan motar Dogo, mai aski ya tare shi.

Lauya ya tsaya ya dube shi ta saman gilashi.

"Kai ne? Masinjan nan nawa?"

"Yallaɓai, barka da rana."

"Wanda na aika ya kai takardunmu kotu, ya kai wa mutumin da muke ƙara?" Ya ƙara matsowa ya kama bakin hannun kwat ɗin ya murza. "Wannan ma ai tawa ce. A bayan ƙofa na rataye ta."

"Aro na yi, yallaɓai."

"Shekara tara?"

Mai gyaran waya ya faɗo daga benci. Lauya bai yi dariya ba, ya karɓi takardar Dogo ya karanta daga sama har murfin kwalba, ya sake komawa sama.

"Shafin labulen, wa ya buɗe shi?"

Auta ta miƙe da ƙyar. "Ni ce, yallaɓai."

"Da sunan wa da lambar wa?"

"Nawa." Ta miƙa masa wayar ya duba.

"Kin sa hannu a takardar nan?"

"A'a."

"Kin rubuta masa izini ya sa hannu a madadinki?"

"Ban ma san da biyu daga ciki ba sai daga baya."

Lauya ya juya takardar gaba da baya. "Sunanki ba ya nan ko a wurin shaida." Ya dubi Ɗan Gayu. "Kai ka kira ni, amma gaskiya zan gaya maka. Ba inda za ka je a ƙwato maka kayan matar da ba ta cikin takarda. Wanda ya rubuta kansa Mamallaki kuma Shugaba shi ya yi alkawari, kuma shafinsa ya ce zai bayar." Ya waiwayi Barista. "Kana da shafi?"

Barista ya koma kakkaɓe kwat. Mai gyaran waya ya amsa masa daga ƙasa, ya ce yana da shi mana, inda yake ba da shawarar shari'a kyauta, mabiyansa sittin da ɗaya.

"Sittin da ɗaya," in ji Ɗan Gayu, yana yatsina fuska.

"Ashirin ma shi ya buɗe su da kansa, a shagona," in ji mai gyaran waya.

"To ku raba," in ji lauya. "Kai kuma cire min kwat."

A tsakiyar titi ya cire ta. Rigar ciki babu hannu ɗaya, ashe shi ya sa ko ana zafin mutuwa ba ya rabuwa da kwat. Dogo da Ɗan Gayu suka loda gadajensu suna zage-zage. Baba ya ce shi ba ya barin haƙƙinsa, a ba shi lambar sirrin shafin Barista, kuma aka ba shi. Har yau hotunan kujeru 'yarsa take sawa a shafin.

Hajiya mai gidan baƙi, wadda duk abin nan tana tsaye da jakarta, ta taka ta zauna a gadon Baba ta jijjiga shi bai motsa ba. Ta ce wa Auta ta shimfiɗa zanin ta gani. Auta ta shimfiɗa. Hajiya ta shafa ɗinkin ta ce ya yi, amma da Auta za ta yi magana, ba da wancan ba. Lauya ya ce in Auta da Baba suna son yarjejeniya ta gaskiya su same shi a ofis, shafi ɗaya ta isa, kuma ba wanda zai sa shagonsa a ciki. Sai a lokacin na tuna da wayar da ke jingine a tagata. Bidiyon bai tsaya ba, mutum dubu biyu da wani abu suna kallo. Na bar shi ya ƙara minti ɗaya kafin na kashe.

Kowa zai zaci mutum ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ba Barista ba. Jama'a ba su gama watsewa ba ya matso kusa da matarsa, hannu ɗaya tsirara, yana murmushi.

"Kin ga dabarata ko, Auta? Yaya ta so a sa sunanki na hana. Da na sa, da yanzu shafin ya tafi. Ni fa tun farko na hango."

Na buɗe baki, Auta ta riƙe min hannu. Ta dube shi sosai, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba.

"Shekara huɗu ina jin ciwon ba ka taɓa ambatar sunana a kan aikina ba," ta ce. "Yau na ga amfaninsa. Ka ci gaba da mantawa da shi, maigida, kada ka sake ka tuna."

Ta sunkuyar da kai ta danna wayarta 'yan daƙiƙu. Wayar Barista da ke hannuna ta yi ƙara, shafin labule ya fita daga cikinta. Na miƙa masa abarsa.

Ya duba, ya sake dubawa. "Sabuwar lambar fa? Ai ya kamata a ce shugaba yana da ita."

"Shugaba tana da ita," in ji Auta.

Ta naɗe zaninta ta bi hajiya suka hau sama. Baba ya ɗaga kan gadonsa, mai kura ya riga ya tafi, ya dubi Barista da ke tsaye a rana.

"Kai, Dogo," ya ce. "Kama min ƙafar gadon nan."

A daidai lokacin ƙararrawar sha biyu ta kaɗa a hannunsa. Ya kashe ta, ya sunkuya ya kama.